Ciyawar da Ta Bi Auta Har Gida

A bayan ajin su Auta akwai wata 'yar hanya da yara suka tattake har ta yi tauri. Ciyawa ɗaya ce kawai ke iya zama a wurin. Ba ta miƙewa tsaye. Kwanciya take yi, ta baje siraran rassanta a ƙasa. Kowane reshe yana da gaɓoɓi masu ɗan kumburi, shi ya sa yara ke kiranta mai-gwiwa.

Wata rana Malamar aikin gona ta sa 'yan aji suka tuge ta, suka tara tuli guda.

"Auta, kai ta ramin shara na bayan tsohon sito," in ji Malama. "Ki zuba, ki rufe da ƙasa sosai. Ta riga ta yi iri."

Auta ta ce to. Amma tsohon siton nan ko da rana tsaka duhu gare shi, ƙofarsa kuma tana kuka ko babu iska. Auta ta matso kusa, ta ji ƙiiii. Nan take ta juya da baya.

Sai ta cusa ciyawar a wani tsohon buhu. Da aka tashi, ta ja shi a ƙasa har gida, ta zazzage a gefen lambun Kaka, inda ba mai gani.

Washegari Malama ta tambaye ta, "Kin binne?"

"Na binne, Malama. Har na daddanne."

Aka yi ruwa, aka sake yi. Makonni suka wuce, Auta ta manta.

Wani yammaci gari ya yi lumshi, ko tsuntsu ba ya motsi. Auta ta fito daga makaranta, sai ta ga mai-gwiwa 'yar ƙarama a bakin ƙofa. Ta yi taku biyar, ga wata. Ta ƙara, ga wata. Sun jeru a layi kamar masu bin sawu. Inda Auta ke kaucewa saboda karen mai gyaran keke, nan ma layin ya kauce. Bai tsaya ba sai a ƙofar gidansu.

Ta kira yayanta ta nuna masa. Yaya ya duƙa, ya daɗe yana kallo, ya girgiza kai.

"Me kika yi mata?" ya tambaya a hankali.

"Ba komai!"

"To, abin da ke da gwiwa dai rarrafe yake yi. Yau tana ƙofar gida. Gobe kuma..." Ya kalli ɗakin Auta, ya wuce abinsa.

Daga ranar, kullum Auta sai ta bi layin tana tattake shi da ƙarfi. Sauran ciyayi suka mutu. Mai-gwiwa kuwa sai ƙara baje rassa take yi. Wata safiya Auta ta buɗe ɗakinta, ta gan ta a tsagar siminti, daf da takalmanta. A gindin kowane ganye akwai ɗan mitsitsin fure fari mai ratsin ja. Auta ta rantse kallonta suke yi.

Ta ruga bayan gida. Can ta tarar da Kaka a tsaye a kan lambunta, ta riƙe haɓa. Mai-gwiwa ta shimfiɗu a kan kunyoyi kamar raga. Alayyafon da Kaka ta yi ta wahala a kansa ya tsumbure, ya fara rawaya.

"Shekara goma ina gyaran wurin nan," in ji Kaka, "ban taɓa ganin wannan baƙuwa ba. In ta ci gaba haka, bana ba mu da lambu."

Auta ta fashe da kuka. "Ni take nema, Kaka! Ki bari ta ɗauke ni, ta bar miki lambunki!"

"Ta kai ki ina? Da wannan cin naki, ai kafin azahar ta dawo da ke. Share hawaye, ja'ira, ki gaya mini abin da kika yi."

Auta ta faɗi komai. Kaka ta ɗauko buhun, ta riƙe hannunta, suka tafi wurin Malama.

Malama ta juya buhun. Ta zura yatsa ta ƙasa, sai ga shi ya leƙo ta wata huda. Ta murza busasshen reshe a tafin hannunta. Ƙananan iri masu duhu suka zubo, kowane da kusurwa uku.

"Ga masu bin ki," in ji Malama. "Ke kika shuka su da kanki, tun daga nan har gida. Kina jan buhu, suna zuba."

"Amma na tattake ta, ta ƙi mutuwa!"

"Ai gata kika yi mata. Saiwarta tana da tsawo, rassanta kuma kamar waya suke. Taku yana kashe maƙwabtanta, ita ta samu fili. Tugewa ake yi har saiwa, bayan ruwa, tun ba ta yi iri ba. Kuma ki shirya, wani irin yakan yi shekaru yana barci a ƙasa."

Auta ta sunkuyar da kai. "Ki yi haƙuri, Malama. Tsoron siton na ji."

"Da kin faɗa, da na raka ki. Tafiyar minti biyu ce."

Kwana shida Auta ta yi tana tugewa. Kaka ta sa Yaya ya taya ta, tunda shi ya san yadda ciyawa ke rarrafe. Shi ma ya yi rarrafen har gwiwoyinsa suka yi fari.

Kafin wata ya ƙare, alayyafon Kaka ya farfaɗo, ya yi kore shar. Auta kuwa ta koyi darasi. In an ba ka aiki, ka yi shi yadda aka ce. In kana tsoro, ka faɗa a taimake ka. Kada ka rufe da ƙarya, don ƙarya tana da iri, kuma a gidanku take tsirowa.