Katin da Ake Miƙowa ta Taga

Amarya na tsugune a ƙofar ɗaki tana goge wa mijinta takalmin aiki, sai yayarsa ta leƙo daga kicin da kofin shayi a hannu.

"Auta, yau ma raka ka tasha za ta yi? Wai tsoro kake ji kada a sace ka a hanya?"

"Yaya, ki bar mu mu ci amarcinmu mana."

"Amarcin wata takwas? To, Allah ya ba da sa'a."

Auta shi ne ƙaramin ɗan gidan, makaniki ne a wani gareji can ƙarshen gari. Rakiyar nan kuwa tana da dalili. Katin bas ɗaya gare su, irin wanda ake zuba wa kuɗi a farkon wata, motocin kuma ba sa karɓar kuɗi a hannu. Idan ya shiga sai ya ɗora katin a kan na'ura ta yi ƙara, ya yi sauri ya nemi kujerar taga, ya miƙo mata shi kafin direba ya ja. Babu dokar da ta hana, katin na wanda ya riƙe shi ne. Da shi take zuwa ajin koyon karatu na manya da hantsi, ta dawo da azahar. Shi kuwa da yamma a ƙafa yake dawowa, tafiyar awa ɗaya da wani abu, don ƙarfinsu bai kai na kati biyu ba.

Tana aji uku na firamare aka cire ta daga makaranta, lokacin da mahaifiyarta ta kwanta ciwo. Dangin miji ba su sani ba, ita kuma kunya ta sa ta roƙe shi kada ya faɗa wa kowa sai ta iya. Mutanen gida sun ɗauka gidan goggonta take zuwa a bayan layi taya ta ɗinki, ba ta kuma gyara musu zancen ba.

Wata Asabar Yaya ta ari katin za ta kasuwa. A ofishin tasha ta ga wani ya sa an buga masa takardar duk tafiye-tafiyen katinsa, ita ma ta miƙa na hannunta. Washegari bayan an ci abincin rana, Umma, mahaifiyarsu, ta sa aka kira su falo.

"Umma, ga shi a rubuce," in ji Yaya tana kaɗa takardar. "Kullum ƙarfe goma ana shiga mota da katin nan, alhali mai shi yana gareji. Gidan goggon da ke bayan layi har sai an hau bas?"

Umma ta dubi Amarya ta saman tabarau. "'Yata, ina kike zuwa?"

Amarya ta sunkuyar da kai, tana murza gefen mayafinta.

"Umma, da izinina take fita," in ji Auta.

"Ban tambaye ka izini ba. Ina take zuwa?"

Ya durƙusa a gabanta, ya ƙi faɗa. Ya riga ya yi alkawari.

"Ni kake ɓoye wa magana? Ni da na haife ka?" in ji Umma. "To daga gobe katin nan ya zauna a hannun yayarka. Fita kuma ta ƙare, tunda abin ya zama na asiri."

"Ki yi haƙuri, Umma. Duk faɗan da za ki yi, ni ki yi wa. Amma wallahi ba wurin banza take zuwa ba."

Amarya ta ɗago ta ga mijinta a durƙushe gaban uwarsa, yana ɗaukar zafin da ba nasa ba. Hawaye ya zubo mata. Ta rarrafa ta miƙa hannu.

"Yaya, don Allah ba ni takardar."

Ta shimfiɗa ta a kan tabarma, ta ɗora yatsa a layin farko. Ta soma karantawa, muryar can ƙasa.

"Li… Litinin. Ƙarfe bakwai saura kwata, tashar unguwa. Wannan shi ne. Ƙarfe goma da minti biyar, tashar unguwa zuwa tashar ma-ka-ran-ta. Wannan ni ce. Ƙarfe ɗaya da rabi, dawowa." Ta share ido da bayan hannu. "Umma, ranar da aka kawo ni gidan nan ko sunana ban iya rubutawa da kyau ba. Ajin manya nake zuwa. Kunya ce ta sa na ce ya rufa mini asiri, laifin nawa ne."

Umma ta gyara zama.

"Ci gaba. Karanta mini Talata."

Ta karanta Talata, ta karanta Laraba, muryarta na ƙara fitowa. Auta na gefe yana ta murmushi ya kasa rufe baki, kamar shi aka ba kyauta. Tana shiga Alhamis Umma ta ɗaga hannu.

"Tsaya. Na ji na safe, na ji na rana. Ina na yamma?"

"Babu na yamma, Umma."

"To da me yake dawowa?"

Auta ya sosa ƙeya. "Motsa jiki ne, Umma. Likitoci ma sun ce yana da kyau."

"Rufe mini baki da likitocinka. Wata nawa?"

"Biyar."

Umma ta dube shi. Sai ta miƙe ta shiga ɗaki, ta fito da ƙaramar jakarta, ta zaro nata katin, wanda take zuwa asibiti da shi sau ɗaya a wata. Ta damƙa shi a tafin Amarya ta rufe da nata hannun.

"Riƙe. Ranar asibitina sai ki raka ni, ke za ki riƙa karanta mini takardar magani. Na gaji da roƙon mutane."

Yaya ta yi ta juya zoben hannunta, can ta nisa. "Ƙanwata, ki yafe mini, na yi miki mummunan zato. Amma ke ma da kin faɗa, ai da ni zan riƙa yi miki bita." Ta harari ƙanenta. "Kai kuma Malam Motsa Jiki, shi ya sa ka rame kamar tsinke, muna ta zargin girkin yarinya."

Dariya ta ɓarke, har Amarya ta rufe fuska da mayafi.

Bayan wata bakwai ta kawo takardar shaidar gama ajin farko. Umma ta sa aka saka ta a gilashi aka rataye a falo, duk baƙon da ya shigo sai ta nuna masa ta ce, "Ta surukata ce."

'Yan'uwana mata, neman ilimi ba abin kunya ba ne ko da an girma, ɓoye shi ne ya kusa jawo wa Amarya asara. Mijin da ya riƙe alkawarinki a gaban mahaifiyarsa, ya yi haƙuri da tafiyar ƙafa don ki ci gaba, ki riƙe shi da kyau. Dangi kuma su riƙa tambaya kafin su yanke hukunci.