Munduwar Zali

Da hantsi Isa mai nutso ya shigo ofishin 'yan sanda na Jarwal, wata unguwa kusa da Harami, yana huci, ya tsaya gaban Sufeto Dawuda.

"An yi mini sata, ya Sufeto! Munduwar azurfa. Da tulun iska a bayana na shiga ƙasan teku na ciro ta."

"Daga ina?"

"Daga jirgin nan da nakiya ta nutsar kusa da Jidda lokacin yaƙin duniya. Hassan yaron shagona ne ya ɗauka, wallahi."

Sufeto yana ƙarami aka haye da shi wannan teku daga Sawakin ta Sudan, a goye. Har yau warin kwalta da gishiri na tuna masa bayan mahaifiyarsa.

A shagon, fitilun jirgi na tagulla suna jere, ba wanda ya taɓa su.

"Ɓarawo ya bar waɗannan ya ɗauki munduwa ɗaya? Me ke jikinta?" in ji Sufeto.

Isa ya sosa ƙeya. "Murjani ya kama ta. Da ɗan ƙashi a ciki."

Hassan, magidanci mai 'ya'ya, yana tsaye a gefe. Ba shi da iƙama, takardar izinin zama. In aka rufe shi, sai jirgin komawa gida, iyalinsa kuwa a nan.

"Jiya ina Jidda," in ji shi.

"Ƙarya," in ji Sufeto. "Mai shayi ya gan ka a nan. Wa ya riƙe munduwar?"

Ya sunkuyar da kai. "Inna Maryama mai waina. Ta juya ta, ta juya, ta tafi ba ta ko karɓi kuɗin wainarta ba. Kullum ita ke ba yarana kyauta, shi ya sa na yi shiru."

Bayan la'asar Sufeto ya yi sallama a wani lungu na unguwar Hindawiyya. A igiya an shanya likkafani, irin wanda tsofaffi ke wankewa da zamzam su ajiye. An yanke gefe guda. Tsakar gidan na ƙamshin kafur.

"Inna, ina sauran likkafanin?"

"Ɓera ya ci, ɗana."

"Ɓeran Hindawiyya har almakashi gare shi?"

Ya duƙa kan kwanon da ke gindin bango, ya tsinto ɓarɓashin murjani. Tsohuwar ta dube shi, sannan ta zauna ta ɗage zanenta kaɗan. Munduwar azurfa ce a ƙafarta, ta sha gugar shekaru.

"Halas, ba sauran ɓoyo. Mundaye biyu ne. Innarmu ta raba mana a Gobir, ni da ƙanwata Zali. Da ƙafa muka zo. Mun yi noman auduga a Sudan, mun yi daka, muna waƙa don kada mu ji nisa. Yaƙi ya hana jiragen alhazai, sai wani matuƙin jirgin ruwa ya ɓoye mu cikin kaya. Ni na fito shan iska. Ita tana barci a ƙasa, sai nakiya ta tashi da jirgin."

"Me ya sa ba ki roƙi Isa ba?"

"Na ji yana ciniki da wani balarabe, a ƙanƙare ta a sa a taga. Ƙafar Zali ce fa! Na wanke ta, na sa mata sutura, na kai ta maƙabarta."

"Wane kabari?"

"Wannan kam ko sarki ba zan faɗa masa ba."

"Hassan zai kwana a rufe saboda ke, Inna."

Ta miƙe nan take ta yafa mayafi. "Subhanallahi! Mu je in faɗa da bakina."

Akwai ankwa a aljihun Sufeto, bai ciro ta ba. Ya rage sauri daidai takunta. Da suka fito titi, hasumiyoyin Harami suka bayyana, Inna Maryama ta tsaya ta dube su.

"Kullum a hanya sai ta tambaye ni, 'Yaya, saura nawa?'" Ta gyara mayafinta. "To, ta iso."