Rabin Yinin Mai Shara

Gab da magariba, matar Akawu tana kwashe shanya, dutsen farko ya faɗo kan kwanon ɗaki. Ta ɗauka yaran maƙwabta ne, har ta buɗe baki za ta yi faɗa. Na biyu ya sauka a gabanta. Ta duƙa ta ɗauka, sai ta ga ɓarin dutse ne, an raba shi daidai kamar da wuƙa, ga shi da ɗumi. Kafin duhu ya rufa, tsakar gida ta cika da su, babu cikakke ko ɗaya.

Akawu shi ke lissafin hutun ma'aikata a wani kamfanin sabulu. Dokar wurin ta ce duk watan da mutum ya yi aiki yana tara wani abu na hutu, in aka haɗa aka sami ragowar da ta kai rabin yini, a cike masa ita yini guda. Shi kuwa Akawu yankewa yake yi, don manaja ya ce masa sannu da ƙoƙari. Wanda ya yi ƙorafi ya ce masa, "Rabin yini har wani abu ne?" Mutum ne da ko gaisuwa ya samu sai ya rage mata tsawo.

Bayan jifa, abin ya koma kan Auta, 'yarsa da yake ji da ita. Kullum rana na tsaka sai ta tsaya cak, ko da loma ce a hannunta, ido buɗe, ba ta ji ba ta gani har faɗuwar rana. Asibiti suka ce lafiyarta lau. Yarinya kuwa tana ta ramewa, gidan ya yi tsit, ko rediyo an daina kunnawa. Inna, mahaifiyar Akawu, ta ce masa, "Tun da na haife ka kake gardama. Wannan karon tashi ka kira Malam."

Malam ya zo da la'asar sakaliya. Ya zauna a gefen tabarma ya yi ta karatu a hankali, har inuwa ta haye katanga. Sai bakin Auta ya motsa, wata murya mai kauri ta fito, wadda ba ta yi kama da ta mace ba.

"Ya isa, Malam. Kana ƙona ni."

"Me yarinya ta yi maka?"

"Ita ba ta yi mini komai ba. Akawu, ka tuna mai sharar kamfaninku?"

Akawu ya kawar da kai, muryar ta ci gaba.

"A bishiyar bayan sito nake da iyalina. Shekara da shekaru tsohon nan bai taɓa watsa mana ruwa ba sai ya yi sallama. Matarsa na kwance ya ɗauki hutu. Ka yanke masa rabin yinin da ya kamata ka cike, ka ce in bai dawo da safe ba, a bakin aikinsa. Ya dawo. Yana riƙe da tsintsiya matar ta cika, tana kiran sunansa."

"Zan gyara," in ji Akawu. "Zan ba shi hutun wata guda."

"Ya je ya zauna da wa?"

Matar Akawu ta rufe fuska da mayafi, don kunya ta fi tsoro kama ta.

Malam ya ce, "Ka ji tsoron Allah. Laifin uba ba ya hawa kan 'ya."

"To a ba ni rabin yinin uban. Ni zan zaɓi ranar."

Malam ya ɗaga hannu zai yi magana, Akawu ya riga shi. "Na yarda. Rabin yini dai ko? Na yarda."

Auta ta yi atishawa, ta dubi uwarta ta ce tana jin ƙishirwa.

Jifa ya tsaya, yarinya ta murmure. Akawu ya koma cike wa kowa hutu, har waɗanda ragowarsu ba ta kai ba, ma'aikata suna ta mamakin wannan sabon kirki. Watanni suka shuɗe, ya fara cewa a ransa ai an manta da shi.

Wata safiya zazzaɓin Inna ya tsananta. Ta riƙe hannunsa ta ce kada ya yi nisa. Ya ce mota kawai zai samo, yanzu zai dawo. A zaure ya duƙa zai sa takalmi.

Da ya ɗago, hantsin yana nan yadda ya bar shi, amma ƙofar gida cike take da tabarmi da mutane. Ƙafafunsa sun sandare. Malam na zaune kusa da shi, ya kama hannunsa.

"Sai haƙuri. Jiya da la'asar aka kai ta. Ta yi ta kiranka, mun girgiza ka har mun gaji."

"Jiya?" Akawu ya dubi rana, ya dubi mutane. "Malam, rabi muka yi da shi. Kana wurin."

Malam ya sunkuyar da kai.

"Kai ka fi kowa sanin dokar, Akawu. Rabi cikewa ake yi."