Launin da Siddo Ya Zubar

Tun da soja suka hau mulki aka rufe gadar Malanville da ke kan kogin iyaka, Siddo ya maƙale a Gaya, yana rubuta manhajar haɗa launuka a shagon kawunsa. Ranar nan ya kafa mata doka: duk launin da ido ke ratsawa kamar gilashi, a ninka shi da sifili, a zubar.

Bayan isha'i ya sa sakata. Sai ya ji warin lakar kogi, ga wani tsoho jiƙe sharkaf ya tare ƙofa.

"Ɗana, wanda ba a gani ma yana da launinsa. Mayar mini da nawa."

"Baba, ta ina kuka shigo?"

Tsohon ya matso. Ta cikin ƙirjinsa Siddo ya hango sakatar, tana nan yadda ya sa ta.