Jan Zaren Tamsin

Da zazzaɓi ya nemi ɗauke mata ɗiya, Keziah ta tafi wurin tsoho Jory, mai maganin ƙauyensu a Cornwall. Ya ce ta yanke farcen yarinyar da ɗan gashinta, ta ƙulle a tsumma, ta yar a mararraba. Duk wanda ya tsinta, ciwon ya koma kansa. Ita kuma ta ƙara da tata dabarar, ta ɗaure ƙullin da jan zare don ya ja ido.

Yarinya ta warke. Bayan kwana tara aka binne maƙwabciyarta Tamsin, wadda ta yi ta kawo musu romo lokacin jinya. Keziah ta yi kuka a makabarta, amma ba ta gaya wa kowa komai ba.

Wata magariba tana dawowa daga tatsar shanu cikin hazo, sai ta tarar da wata mace a mararrabar, lulluɓe da mayafi. Ana sanyi, amma babu tururi a bakinta. Jiƙaƙƙiyar ciyawar da take takawa ko lanƙwasa ba ta yi ba.

"Kin yar da kayanki," in ji matar. Muryar kamar daga cikin rijiya.

"Ba nawa ba ne, baiwar Allah."

"Haba, ƙawata. Ni na ba ki zaren nan ranar bikinki. Da na gan shi a ƙasa sai na ce bari in ɗauka in mayar miki."

Keziah ta duba, ta ga hannunta ya riga ya miƙe.