Hannun da Ke Kafaɗar Yarinyar

Loretta Haskell tana zuba miyar kifi a kwanuka, rana na faɗuwa a gaɓar tekun jihar Maine ta Amurka, sai ta ji tsakuwa ta faɗo a kan rufi. Wata ta biyo. Gidan ya yi tsit.

A saman murhun jin ɗumi akwai wani tsohon zanen fenti da ta gada daga kakanta: yarinya cikin shuɗiyar riga, da wani hannu dafe a kafaɗarta wanda ba a ga mai shi. Ya sha zuwa baje koli a Boston, masana suna ta yaba hannun nan, ba wanda ya taɓa tambayar na wane ne.

Corinne, 'yarta tilo, ta ajiye cokali, ta karkata kafaɗa.

"Mama, ki ce ta sake ni."

Tun daga ranar, magariba na yi sai jifa, yarinya kuma sai ramewa take. Tsoro ya hana Loretta sakat, ta je ta ɗauko Fada Aldous, tsohon limamin cocinsu. Ya daɗe yana karatu a kan Corinne kafin ta buɗe baki da wata murya mai sanyi wadda ba tata ba.

"Mu biyu aka zana, ni mai shuɗiyar riga da yayata mai hannun. Kakanku ya ga zanen ya fi bangonsa faɗi, ya sa wuƙa ya raba mu."

"Ina ɗaya rabin?" in ji Fada.

"Yana cikin murhun nan, ya zama toka. Na gaji da zaman kaɗaici, tsoho. Wannan yarinyar ta yi mini."

"Ba za ki same ta ba. Faɗi wani abin."

"To a cike gurbin. Amma duk wadda aka zana a ciki, tawa ce."

Fada ya girgiza kai, amma Loretta ta riga shi magana.

"A zana ni."

Aka ɗinka wa zanen sabon ƙyalle, aka kira mai zane ya zaunar da Loretta, ya zana ta a gurbin, hannun nan ya zama nata. Jifa ya tsaya. Fenti na bushewa Corinne na ƙiba, uwar na ramewa, har ranar da ya bushe sarai aka kai ta makwanci.

Yanzu zanen yana wani gidan tarihi. Corinne takan je ta tsaya gabansa har a tashi. Rannan mai gadi ya ga ta matsa dab da zanen, ya ce, "Baiwar Allah, ba a taɓawa."