Ɗan Kukun Da Ke Ɗingishi

Da hantsi aka buga waya caji ofis, aka ce an tsinci gawar mai sito a kamfanin gina gadoji. Kafin Sufeto ya iso, ma'aikata sun riga sun yanke hukunci, sun kuma zartar.

Gawar na kwance tsakanin buhunan fulawa, ƙeya a fashe, ga sifanar tukunyar gas a gefe. Buhu ɗaya ya yage, fulawa ta bazu har bakin ƙofa. Sufeto ya tsuguna ya duba sawun da ke cikinta. Ƙafar dama ta taka sosai, ta hagu kuwa jan ta aka yi.

"Wa ya ga abin da ya faru?"

Saje ya ƙame. "Yallaɓai, akwai shaida. Wata injiniya ce baƙuwa, ba ta jin komai sai Turanci. Ta taga ta hango shi da sassafe yana fitowa daga siton. Na ɗauki muryarta a waya kafin ta wuce filin jirgi, don yau aikinta ya ƙare."

"Wa ta ce?"

"Ta ce ɗan kukun da ke ɗingishi."

Haka Saje ya fassara tun kafin isowar Sufeto, da ƙarfi kuma, a gaban jama'a, don a san ya yi boko. Kuku biyu ne a kamfanin, Dogo da Baba Gurgu, kuma kowa ya san wanda ke ɗingishi a cikinsu. Baba Gurgu ɗa ɗaya gare shi, lebura ne mai ɗaurin rodi, ana ce masa Auta. A kan aikinsa suka same shi, da rodin nasa suka rufe shi da duka. Taron mutane in ya fusata ba ya tambaya.

Sufeto ya wuce asibiti. Auta na kwance, haƙarƙari a karye, numfashi na fita da ƙyar. Uban na zaune a ƙasa yana riƙe da ƙafar gadon.

"Ina kake da sassafe?"

"Ina kan gada, Yallaɓai... tun kafin gari ya waye."

"Ka taɓa faɗa da mai sito?"

"Ko sunana bai sani ba."

Sufeto ya ɗaga bargo ya dubi ƙafafun saurayin. Lafiyayyu ne, miƙaƙƙu. Ya juya ga uban.

"Kai fa, Baba?"

"Ina kicin ina kunna wuta, mutum goma sun gan ni. In gurgu kuke nema ga ni, ku tafi da ni. Wannan yaron ko kaza ba ya iya yankawa."

A baranda likita ta ja Sufeto gefe. Ta ce jini na zuba ta ciki, abin da ake buƙata kuma babu shi a nan, sai a babban asibiti. Amma wanda ake tuhuma da kisa ba a ɗaga shi sai babban jami'i ya yarda. Sufeto ya kira babban jami'i.

"Shaida ta nuna shi, ko ba ta nuna ba?" in ji muryar. "To yana nan inda yake. Kawo mini wani mai laifin, sai in sake wannan."

Turancin Sufeto na gaisuwa ne da karanta allon hanya. Sai ya karɓi wayar Saje ya nufi gidan kawunsa, tsohon malamin Turanci da ya yi ritaya, ido ya tafi amma kunne na nan.

"Sai an yi kisa kake tunawa kana da kawu," in ji tsohon. "Kunna mu ji."

Muryar matar ta fito. Tsohon ya sa aka maimaita.

"The cook's son who limps. Wane ne ya fassara muku?"

"Sajena."

"Me ya ce?"

"Ɗan kukun da ke ɗingishi."

"To a Hausarka wa ke ɗingishin, uban ko ɗan?"

Sufeto ya maimaita maganar a hankali, ya ji ta hau kan kowannensu.

"Ka gani? Tamu tana kallon gabas tana kallon yamma. Tata ba haka take ba." Ya laluba ya ɗauki kofi da murfinsa. "Ka ji 'yar sautin nan da ta maƙala a wutsiyar kuku? Ita ce alamar mallaka. Da zarar an maƙala ta, an rufe kuku kamar kofin nan. Ya miƙo ɗansa, ya koma ciki, ba a ƙara zancensa. Duk bayanin da ya biyo baya na ɗan ne. Da uban take nufi, dole ta juya maganar, ɗa a gaba, kuku a baya, the son of the cook who limps. Ko ita ma wannan tana iya ruɗa mutum. Amma yadda ta faɗa, babu wata hanya. Ɗan ne gurgu."

"Kawu, ka tabbata? Rai ne a kai."

"Na yi shekaru ina dukan yara a kan wannan. Ku kuma kun daki ɗan mutane don ba ku san ta ba."

Sufeto ya koma kamfani ya tarar da Dogo yana kankare tukunya.

"Kana da ɗa?"

"'Ya'yana duk mata ne, Yallaɓai."

"Wa ke kawo kayan miya kullum kafin ma'aikata su iso?"

Hannun Dogo ya tsaya. "Wani ne. Ɗan ƙanwata. Ya yi tafiya tun makon jiya."

"Alayyahon nan na makon jiya ne? Raɓa ma ba ta bushe a kansa ba."

Sufeto da Saje suka sa Dogo a mota ya nuna gida. A ƙofar wani ɗaki akwai babur da kwando a baya, ga takalma a ajiye. Na hagun ya cinye ta gefe ɗaya, farin gari ya cika ɗinkinsa.

"Fito," in ji Sufeto.

Labule ya motsa. Wani saurayi ya fito yana jan ƙafar hagu, wadda ya karya a hatsarin babur bara.

"Baba, bari," ya ce da mahaifinsa Dogo, wanda ya fara rantse-rantse. "Ni ne."

"Me mai siton ya yi maka?"

"Shekaranjiya ya mari ubana a kan gwangwanin mai, a gabana. Dattijo da furfura. Yau na kawo kaya, na ce ya je ya ba shi haƙuri. Ya yi dariya, ya ce in ja ƙafata in fita. Sifana na kusa."

"Da aka kama Auta kana ina?"

"Ina bakin get. Na ji ihunsa."

"Ka ji, ka hau babur ka tafi?"

Saurayin ya sunkuyar da kai ya miƙa hannuwa. Saje ya sa masa ankwa, aka tura shi mota. Dogo ya zauna a ƙasa ya ɗora hannu a ka.

Tun a hanya Sufeto ya kira babban jami'i, aka ce to, a ɗaga yaron. Ya sa direba ya bi ta asibiti.

Ya tarar an yaye zanin gadon, wata ma'aikaciya na goge katifa. Baba Gurgu na zaune a baranda, ya miƙe gurguwar ƙafarsa, rigar aikin ɗansa a ninke a cinya.

Sufeto ya cire hula ya durƙusa. "Baba, mun kama mai laifin. Ɗanka ba shi da hannu."

Tsohon ya ɗago ya dube shi.

"Ni ka zo faɗa wa? Ai ni na sani tun safe." Ya nuna ƙarshen baranda, inda ɗakin ajiye gawa yake. "Shi ne ya yi ta tambaya ko kun yarda. Je ka faɗa masa."